Kwana Tara a Ingila, Ina Bin Sawun Hasken da Ya Maƙale Tsakanin Zinare

Abin da ya kai ni Ingila wani layi ne a kan takarda da ya ƙi sauka. Wata bakwai ina fama da shi. Aikina na digirin digirgir a fannin fiziks lissafi ne zalla: ina ajiye 'yan ƙwallaye biyu na zinare a cikin kwamfuta, kowanne faɗinsa nanomita 80, in haska su, in riƙa matso da su kusa da juna ina auna ƙarfin hasken da ke taruwa a ratar da ke tsakaninsu. Nanomita ɗaya kuwa, a raba milimita gida miliyan ne a ɗauki ɗaya. Duk sanda na rage ratar, sai layin ya hau. Na ƙara ragewa, ya ƙara hawa. A lissafina, in ƙwallayen suka kusa haɗuwa, ƙarfin ba shi da iyaka, alhali babu abin halitta da ba shi da iyaka. Da wani rukunin bincike a Kambirij ya amince in zo in yi mako guda da su, Malamina cewa ya yi, "Je ka ga masu taɓa zinaren da hannu, wataƙila su gaya maka inda ka ɓata." Na ce, "To, Malam," na fara neman biza.

Zancen biza da jirgi ba shi da daɗin ji: jira ne, da cika takardu, da zaman dare guda a kujerar da ba ta kwanciya.

Mun sauka filin jirgin sama na Heathrow, a Landan, da sassafe, cikin watan Nuwamba. Layin masu fasfo irin nawa ya yi ninki-ninki kamar hanjin rago, na fi awa ɗaya kafin in kai gaban jami'in shige da fice. Ya duba takardar gayyata, ya dube ni, ya ce me nake bincike a kai. Na daɗe ina shirya amsa mai nauyi, amma da gajiya ta ci ni sai na ce masa, "Ina ƙoƙarin cusa haske ne a ramin da ya yi masa kaɗan." Ya ɗaga gira, ya ce ai hakan ba zai yiwu ba. Na ce da gilashi kam ba zai yiwu ba. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa komai kyawun gilashin tattara haske, ba zai matse shi a ɗigon da ya gaza kusan rabin tsawon zangonsa ba, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar hasken da tudu na gaba. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa daga nanomita 400 ne zuwa 700, don haka in ka sauka kusa da 200 ka zo bango. Ƙarfe kuwa yana iya tsallake wannan bangon. Bai ji ƙarshen bayanin ba, ya buga hatimi ya ce in ji daɗin zamana.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly ya ɗauke ni kusan awa ɗaya zuwa tashar King's Cross. Ba a yanka tikiti, katin banki kawai ake ɗorawa a bakin ƙofa ta buɗe. Masaukin da na kama a wani lungu kusa da tashar shi ya cinye fiye da rabin guzurina na kwana biyu, ga shi in na buɗe akwatina a ƙasa sai na haura gado kafin in kai banɗaki. Na kwanta da niyyar hutun awa ɗaya. Da na farka na leƙa taga, duhu ya rufe gari, fitilun titi na ci. Hankalina ya tashi, na ɗauka na kwana na wuni. Na duba agogo, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mutumin da ya saba rana na kaiwa shida da wani abu kafin ta faɗi, wannan abu sai ya ɗauke shi kwanaki kafin jikinsa ya yarda.

Washegari na taka da ƙafa zuwa gidan tarihi na British Museum. Shiga kyauta ce, sai dai a binciki jakarka a ƙofa. Jama'a na tururuwa wajen gawawwakin Masar, ni kuwa na haura ɗaki na 41 ina neman kofi ɗaya.

Ana ce masa kofin Lycurgus. Rumawa ne suka yi shi a ƙarni na 4, kuma tsayinsa bai wuce santimita 16 ba, wato ya fi yadda nake zato ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An sassaƙa jikinsa da hoton wani sarki da kurangar inabi ta nannaɗe. Gidan tarihin ya saye shi a 1958 daga hannun iyalan Rothschild kan fam 20,000. In haske ya faɗa masa ta gaba, kore ne, kore mai duhu marar sheƙi, har ka ce dutse ne. In hasken ya ratso ta bayansa, sai ya koma ja kamar garwashi. Na tsaya na durƙusa, na miƙe, na koma gefe, ina kallon inda koren ke ƙarewa jan ya fara, har wata tsohuwa da ke bayana ta tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Sai a 1990 aka sa ɗan ɓallin gilashinsa a na'urar ƙara girma mai aiki da ilektiron, aka ga abin da ke ciki: 'yan ƙwayoyin azurfa gauraye da zinare, faɗin kowanne tsakanin nanomita 50 da 100, a warwatse cikin gilashin. Yadda abin ke aiki shi ne ainihin sana'ata. A cikin ƙarfe akwai ilektiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, da ba su ɗaure da kowane atam ba, yawo suke kamar ruwa a ƙwarya. Haske kuwa ƙarfin lantarki ne mai kaiwa da komowa. In ya bugi ƙwayar ƙarfen, sai ya tura ruwan ilektiron gefe guda, atam ɗin da aka bari a baya su jawo shi, ya wuce zuwa ɗaya gefen, haka dai. Akwai launin da saurin kaɗawarsa ya yi daidai da wannan tangaɗi, shi ne ƙwayar ke shanyewa ko ta watsar da shi, sauran su wuce. Wannan tangaɗi shi muke kira filasmon. Na rubuta wannan bayani a jarrabawa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa tsayawa gabansa yana ci ja ba. Maƙeran da suka narka gilashin nan ba su san da ilektiron ba, kuma ba na jin sun yi rashin komai a ranar.

Abincin rana a bakin titi na ci, burodi mai sanyi da kifi a tsakiya, da shayi a kofin takarda fam uku da 'yan kai. Mutanen nan suna cin abincin rana a tsaye, wasu ma suna tafiya, kamar ana korarsu.

Da yamma na gangara titin Albemarle, lamba 21, inda cibiyar kimiyya ta Royal Institution take. A ƙasan ginin akwai ɗakin gwajin masanin kimiyya Michael Faraday, an bar shi da kwalabensa da igiyoyinsa na tagulla. Abin da na zo gani 'yan kwalabe ne masu ruwa ja-ja, mai shigen ruwan hoda. Faraday ne ya haɗa su a shekarun 1850, ya kuma gabatar da bayaninsu a 1857. Ya gane cewa launin daga zinare ne da ya rarrabu ƙanana ƙwarai, har babu madubin ƙara girma na zamaninsa da zai iya nuna su. Bai gan su ba, amma ya yi gaskiya. Sama da shekara 160 ke nan ruwan na zaune a kwalba, zinaren bai kwanta ba, launin bai gushe ba. Shi ne dai jan layin da ke fitowa a sandar gwajin ciki da ta gwajin korona, ƙwayoyin zinare ne suka taru a wurin. Sai a 1908 Gustav Mie ya fito da lissafin da ya bayyana launin, kuma lissafin nan na Mie shi ne farkon abin da na rubuta wa kwamfuta da na fara aikina. Ƙwayar zinare ƙarama a cikin ruwa tana shanye haske wajen nanomita 520, wato kore, shi ya sa ido ke ganin ja.

Jirgin Kambirij daga King's Cross bai cika awa ɗaya ba. Wata ma'aikaciyar tashar ta ba ni shawarar in jira a wuce lokacin masu zuwa aiki, kuɗin tikiti zai sauka, ya kuwa sauka. Gonaki ne kore shar a shimfiɗe, sai ruwan sama siriri wanda ba ya jiƙa ka nan take, sai ka daɗe ka ji ka yi sharkaf.

Kambirij garin keke ne. Sau biyu a ranar farko aka kusa kwashe ni, domin ido na ya saba duba hagu kafin dama. Ɗakin baƙi aka ba ni a wata kwaleji, ya fi na Landan girma da arha, sai dai bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kansa da tsakar dare kamar mai sallama. Kafin in je wurin masu masaukina na bi ta wani siririn lungu, Free School Lane, inda tsohon ɗakin binciken Cavendish yake. A bango akwai allo da ke cewa nan J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. Kekuna ne jingine a ƙarƙashinsa, babu mai ɗaga kai. Shekara uku kacal bayan wannan, a 1900, Paul Drude a Jamus ya ce a ɗauki ilektiron na cikin ƙarfe tamkar iska mai yawo tana karo da atam. Arnold Sommerfeld ya gyara masa a 1927 da dokokin kwantam, wato dokokin da ke tafiyar da abubuwa ƙanana irin su atam da ilektiron. Wannan tsarin na Drude, da ma'aunan zinare da azurfa da Johnson da Christy suka buga a 1972, su ne nake ɗauke da su a jakata, kuma da su na zana layin da ya ƙi sauka.

Wadda aka haɗa ni da ita a ɗakin binciken wata matashiyar dakta ce 'yar Sifen, mai saurin magana. Ta ba ni tabarau na kariya daga leza, wato siririn haske mai ƙarfin gaske, ta shigar da ni ɗaki mai duhu, tebur ɗinsa na shawagi a kan iska don kada takun mutum ya girgiza shi. Su ba sa wahalar riƙe ƙwallaye biyu kamar yadda nake yi a kwamfuta. Faifan zinare suke shimfiɗawa sumul kamar madubi, su shafa masa layi ɗaya tak na wasu ƙwayoyin sinadari da kaurinsu bai kai nanomita ɗaya ba, sannan su yayyafa ƙwayoyin zinare a kai. Kowace ƙwaya sai ta zauna tana fuskantar inuwarta a madubin, ratar da ke tsakani kuma kaurin sinadarin ne. Dabara ce mai sauƙi har na ji haushin kaina. Na sa ido a madubin na'urar: baƙin fili, da ɗige-ɗige masu walƙiya, kore da ja, kamar garin da aka hango daga jirgin sama da dare. Ta ce kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce, kuma daga launinsa suke karanta faɗin ratar. In ratar ta ragu, launin ya matsa wajen ja.

A rana ta uku na gabatar da aikina ga mutum goma sha wani abu. Na kai kan hoton layina, na ce a ratar nanomita 0.2 ƙarfin ya ninka sau kaza. Wani dattijo da ke bayan ɗaki, wanda tun farko na ɗauka gyangyaɗi yake, ya ce, "A ina ƙarfenka ya ƙare?" Na nuna masa da'irar da na zana. Ya ce, "Wannan zanenka ne. Ilektiron ɗin sun san da shi?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma kunnuwana sun yi zafi. Ya taso ya karɓi alli. Ya ce tsarin da nake amfani da shi yana ɗauka cewa duk cajin lantarkin da haske ya turo yana taruwa ne a wata fata marar kauri ko kaɗan, daidai kan layin da na ja. In ratar nanomita 10 ce, wannan ƙarya ba ta cutarwa. Amma atam ɗin zinare tazararsu da juna kusan nanomita 0.3 ce, kuma ilektiron ma igiya ce kamar haske, tsawon zangonta a zinare kusan 0.5 ne. Wato na zana ratar da ta fi atam ƙanƙanta, na kuma nemi ilektiron su tsaya cak a bakinta kamar sojoji. Ba sa yi. Na farko, ba sa yarda a cunkushe su wuri ɗaya, suna ture juna, don haka cajin yana bazuwa ya yi kauri. Na biyu, ba su da wurin zama takamaimai, a baje suke kamar gizagizai, kuma gizagizan nasu na ɗan malalowa waje da ƙarfen. Na uku, in ratar ta sauka ƙasa da rabin nanomita, sai su fara ɓullowa ɗaya gefen ba tare da ƙarafan sun taɓa juna ba. Da zarar sun fara tsallakawa, cajin da ke tara hasken sai ya zurare, layin ya juyo ƙasa. Ya ce a garin nan aka auna hakan a 2012, da tsinin allurai biyu masu zinare a baki, aka ga sauyin ya zo wajen nanomita 0.3.

A daren nan ban iya cin abinci sosai ba. Sun kai ni cin soyayyen kifi da dankali, aka yayyafa masa ruwan tsami mai hawa hanci, ni dai ina tsakura ina tunanin wata bakwai.

Sauran kwanakin su ne ribar tafiyar. Na tambayi Dakta me zai hana in yi lissafin kwantam cikakke in huta. Ta ɗauki biro ta ce mu ƙirga. A kowane nanomita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na zinare akwai ilektiron masu yawo kusan 59. Ƙwallona mai faɗin 80 yana ɗauke da kusan miliyan 16, ga su biyu. Hanyar kwantam da ake bi, wadda ta tsiro daga aikin Kohn da Sham na 1965 da na Runge da Gross na 1984, 'yan dubbai take iya ɗauka, shi ma a manyan kwamfutoci. Ta ce, "Jikokinka za su karɓi sakamakon."

Saboda haka kowa tsaka-tsaki yake nema. Akwai masu ɗaukar ilektiron a matsayin ruwa mai matsi, tunanin da ya faro daga Felix Bloch a 1933. Wannan yana gyara cunkoson, amma in ka sa wa ruwan katanga a bakin ƙarfe ka hana shi malalowa, sai ya ce kullum launi zai matsa wajen shuɗi in ƙwaya ta ƙanƙance. A azurfa haka ne. A ƙarfen sodiyam kuwa akasin haka ake gani, wajen ja yake matsawa. Wato tsarin ya ci jarrabawar azurfa ne da sa'a, domin a azurfa da zinare wasu ilektiron na ciki, waɗanda ke ɗaure, su ke jawo cajin baya. Ni wannan ya fi komai tsaya mini a rai: lissafi zai iya ba ka amsa daidai bisa dalilin da ba daidai ba, kuma ba za ka sani ba sai ka canza ƙarfe. Akwai kuma masu cika ratar da wani abu na ƙirƙira mai ɗan wuce lantarki, don ya kwaikwayi tsallaken ilektiron. Yana aiki, amma a wurina ya yi kama da facin taya.

Wadda ta kwanta mini ita ce hanyar Peter Feibelman ta 1982. Maimakon ka bi miliyoyin ilektiron, sai ka yi lissafin kwantam sau ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ka fitar da lamba da ke gaya maka inda tsakiyar cajin ta zauna, ciki ko wajen layin da ka zana, da tazarar da ba ta wuce 'yan kason goma na nanomita ba. Sai ka kai wannan lamba ka saka a sharaɗin bakin iyaka na tsohon lissafinka. Kwamfutar cinya ma za ta iya. Dakta ta gargaɗe ni cewa ita ma tana da inda take tsayawa: da zarar gizagizan ɓangarorin biyu sun haɗu, ta daina aiki. Kwana biyu muka yi muna gyara rubutuna, ita da kofin gahawa, ni da shayi mai madara wanda har na baro ƙasar ban saba da rashin zaƙinsa ba.

Ranar ƙarshe ta nuna mini wani abu da ya sake rikita ni. A 2016 an gano cewa hasken leza kan fizgo atam ɗaya tilo daga bangon ratar ya ɗan turo kai, kuma a kan wannan tsinin haske na taruwa a wurin da bai kai nanomita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba. A allon na'urarta abin yana bayyana kamar sababbin layuka da ke ƙyaftawa su ɓace, atam ɗin ya fito ya koma. Muka zauna a duhu kusan minti ashirin muna jira. Da ya zo sai ta dafa tebur ta ce, "Ga shi!" Kafin in gyara tabarau ya tafi. Na biyun na gani.

Komowa ba ta da labari, sai dai a wajen binciken kaya an sa na fitar da kwamfutata daban a faranti, na tsaya ina kallonta tana shiga na'ura da duk abin da na samo a cikinta.

Kwana uku da dawowata na sa sabon lissafin da dare, na bar fankar kwamfutar tana kuka na kwanta. Da safe layin ya fito. Ya hau kamar da, amma ba da wannan hauka ba, kuma na yanke shi a nanomita 0.5, na rubuta a gefe cewa daga nan ƙasa ba hurumina ba ne. Na buga shi a takarda na kai wa Malamina ofis. Ya gyara tabarau, ya bi layin da ɗan yatsa har inda ya tsaya, ya daɗe shiru. Sannan ya turo mini takardar ya ce, "Madalla. To sodiyam fa, ka gwada?"